Maigida ya ce ko a kai mussoshi ƙauye ko in yi shiru

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara kuma a ɓoye sunana. Ina zaune Mabera nan Sakkwato, ɗiyana biyu, babbar shekararta biyar ƙaramin bai cika biyu ba. Muna da mussoshi biyu gida, tun da munka kawo su ɓeraye sunka shafa muna lafiya. To tun da damana tas sauka sabro ya hana mu sakat, ƙaramin yaron sau biyu ana mishi ƙarin ruwa kan maleriya. Shine Baban su yas sawo fiya-fiya, kullum kafin magariba ya yayyafa ma ɗaki da falo a rufe sai bayan isha'i mu buɗe. Satin da ya wuce ashe ƙaramar mussar ta shige ƙarƙashin gado ba mu sani ba, da munka buɗe mun iske ta tana dalalar da miyau jikinta na makyarkyata ko tsayuwa ba ta iyawa. Na ɗura mata manja da madara yadda maƙwabciyata tac ce, da ƙyar ta tashi, har yanzu ba ta cin abinci sosai. Nic ce mishi mu bar fiya-fiyar nan, yac ce shi ba ya barin sabro ya kashe mishi ɗiya don mussa, in zaɓa ko a kai su ƙauye ko in yi shiru. Inna uwarshi tac ce in riƙa hayaƙin dogon yaro da ɓawon lemu, wata kuma tac ce in sa ma mussoshin tafarnuwa ga abinci in shafa musu man sabro. Ni hwa na rasa ta yi. Mi za ni yi Anti?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya ya sa kaffara ne.

Ni ban ga laifin Baban su ba da ya tsorata. Duk uban da ya tsaya a kan ɗansa ana laluben jijiya za a sa mai ƙarin ruwa har sau biyu cikin damina ɗaya, ba ki isa ki kawo mai maganar mussa ya saurare ki ba. Kuma tsoron nasa a kan hanya yake. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya kaf, kuma mu nan arewa maso yamma abin ya fi yi wa katutu, binciken ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna a maƙwabciyarmu Kebbi yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada an samu cutar a jininsu, alhali a Legas ba su kai 3 ba. Mu da gulbin Rima da fadamun shinkafa suka kewaye ba sai an ba mu labari ba.

Inda na rabu da shi shine zaɓin da ya ba ki. Shi ya ɗauka rigimar tsakanin ɗiyansa ce da mussa, ni kuwa abinda na gani cikin wasiƙarki shine mussar nan ta tona asirin abinda ku duka kuke shaƙa kowane dare. Ko yau aka sa su a buhu aka kai ƙauye fiya-fiyar tana nan, yaron da bai cika shekara biyu ba yana nan yana birgima kan ledar da aka yayyafa wa ita yana kai hannu baki. An gudu ba a tsira ba kenan.

Fiya-fiya tun asali ba maganin sauron ɗaki ba ce. Abinda ya fi yawa a cikinta wani sinadari ne da za ki ga an rubuta DDVP ko Dichlorvos a jikin kwalaben maganin ƙwarin gona irin su Sniper, shi masu haɗawa ke saye su tsinka da kananzir ko wani abin daban su ɗura a ƙananan kwalabe, ba suna ba awo, haɗin yau daban na gobe daban, ke mai saye ba ki da hanyar sanin ƙarfinta. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan magungunan gona barkatai a kasuwanni da shaguna saboda rayukan da ake asara, amma kinsan halinmu har gobe ana tallarta a baro. Yadda take aiki kuwa, akwai wani sinadari a jikin mutum da dabba wanda aikinsa in jijiya ta aika saƙo ya tsayar da saƙon bayan ya isa, to ita tana toshe wannan sinadarin sai jijiyoyi su yi ta aika saƙo ba tsayawa, shi ya sa miyau ke zuba, ido ya yi ta ruwa, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta kama rawa, ƙirji ya cika da majina, ga amai da zawo. Ki koma ki karanta abinda kika rubuto min kan mussarki. Jikin ɗan adam ma haka yake amsa mata, bambancin kawai mussa kilo uku ce ko huɗu shi ya sa ta riga kowa faɗuwa. Yaro kan iya tashi da amai ko tari ko numfashi sama-sama a ce ai maleriyar ce ta dawo, alhali ɗakin da ya kwana ne.

Don haka in za ki sake yi wa Baban su magana kar ki sake ki ce "mussata", kin faɗi tun kafin ki fara. Ki bari ya ci abinci ya huta, ba gaban Inna ba kuma ba gaban yara ba, ki ce mai Baban su abinda ya kayar da dabbar nan cikin awa biyu shi ɗanmu ke kwana ciki, ni tsoron da nake ji kenan. Sannan kar ki je mai hannu rabbana, namiji in kika ce ya bar abu ba ki ba shi madadinsa ba to gobe zai sake sawowa. Ki je da lissafi, ga abinda muke kashewa kan fiya-fiya da koyil da ƙarin ruwa, ga kuɗin raga ta taga da ƙofa. In akwai wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya da yake jin maganarsa ki roƙe shi ya sa baki, wani lokacin magana ɗaya daga bakin aboki ta fi goma daga bakin mata, abin haushi amma haka ne.

Ita mussar da ba ta cin abinci ki kai ta a duba, kar ki jira. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitocin dabbobi da asibitin koyarwa nan cikin gari, akwai kuma asibitin dabbobi na jiha, ki tafi da kwalbar da aka yi amfani da ita su gani. Mussa in ta jera kwanaki ba ta ci ba hantarta kan lalace, ba kamar kare ba ce da zai jure yunwa. Manja da madarar da kika ɗura mata na san da kyakkyawar niyya ne amma kar a sake, ba sa kashe guba, kuma dabbar da jikinta ke rawa ba ta iya haɗiya daidai, man kan sauka cikin huhu ya jawo wata cutar. Irin wannan gubar tana da allurar da ke karya ta, Atropine, likita ne kawai zai san awon. In Allah ya kiyaye haka ta sake faruwa, a fitar da ita iska tukuna, in maganin ya taɓa gashinta a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa a goge ta ta bushe, in kuwa tana fizge-fizge a bar wankan a naɗe ta da tawul a nufi asibiti. Kuma dan Allah, wannan har masu karatu nake roƙo, kar a taɓa ba kyanwa farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan shine hantar mussa ba irin tamu ba ce, ba ma irin ta kare ba. Akwai sinadarin da hanta ke amfani da shi ta narkar da wasu magunguna ta fitar da su, ita nata kaɗan ne ƙwarai, sai abin ya taru a jikinta. Ga ta kuma da lasar jiki, duk abinda ta taka ko ya sauka kan gashinta cikinta zai ƙare. Wanda ya fi yi musu illa cikin magungunan sauro da ƙwari shine Permethrin, shi da danginsa za ki gane su a jikin gwangwani don sunansu kan ƙare da "thrin". Mai ƙarfin shine wanda ake ɗiga wa karnuka a wuya don kaska da ƙuma, wannan ko kwanciya mussa ta yi jikin karen da aka sa wa yana iya kayar da ita. Kuma tunda gidajenmu ba a rasa rago ko akuya a ɗaure, ruwan maganin kaskar da ake wanke su da shi kar a yarda ta taka ko ta sha, kar kuma wani ya ce bari a ɗan shafa mata don ƙuma.

Abinda nake so ki koma wa shine tsare hanya, sauron ya rasa ta inda zai kai gare ku, wannan ba ruwansa da hantar kowa.

Sange dai shine gaba da komai. Sauron maleriya macen ce ke cizo kuma cikin dare take aikinta, don haka yaron da ya kwana cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ya tsira daga mafi yawan cizon. Na san za ki ce ai shi ma akwai magani jikinsa, eh akwai, amma kaɗan ne kuma yana maƙale jikin zaren, ba ya tashi ya cika ɗaki, haɗarinsa ga mussa ƙarami ne matuƙar ba taunarsa take ba ko ta mayar da shi shimfiɗa. Sabo in kin ɓare ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin a kwana ciki, inda ba za ta hau ba. Matsalar gaske farce ne, mussa na ganin abu na lilo sai ta ɗare, rami ɗaya kuwa ya ishi sauro. Shi ya sa na fi son ɗakin kwanan yara ya zama haramun gare su dare da rana, da safe a naɗe sangen sama, in ya huje a ɗinke da zare da allura ranar, ba sai an tara ba. In za a wanke sabulu mai laushi ba omo ba, a shanya a inuwa, ruwan wankin a zubar inda dabba ba za ta sha ba. Lokacin zafin Afrilu da Mayu da kowa ke fitowa tsakar gida a kwana, a fito da shi a ɗaura jikin igiyar shanya, ba a ce don an fito waje an bar shi ɗaki ba.

Sai raga ta taga da ƙofa. Nan ki nace a sa ta ƙarfe ko alminiyam, ta roba sati ɗaya mussa za ta yi mata fata-fata. Ƙofar a sa mata abin da zai ja ta ta rufe da kanta don yara ba sa rufe ƙofa, a duba ramukan silin da tsakanin bango da kwano a toshe, a riƙa rufe komai kafin magariba. Fanka ma magani ce, sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, tunda nepa sai a hankali ko 'yar fankar caji ko ta sola a saita ta kan gadon yara. Akwai kuma raket ɗin nan na caji da ake kashe sauro da shi, ki zagaya ɗaki da shi bayan labule da ƙarƙashin gado kafin a kwanta, yara ma daɗi suke ji, sai dai a rataye shi sama.

Ruwa kuma. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a zafinmu, kenan in kika ware rana ɗaya duk sati kika kifar da duk abinda ya tara ruwa kin katse su, tsohuwar taya, gwangwanin tumatir, fasasshen bokiti, kwanon ruwan kaji da na raguna, a rufe randa da duro da tanki, a share kwata ta wuce, bututun sokawe a ɗaure mai bakinsa da guntun raga. Kwanon ruwan mussoshin a canza kullum. Kar a zuba baƙin mai ko kananzir cikin kududdufi kamar yadda wasu ke yi, su za su taka su lashe. Ba zan yaudare ki ba wannan ragewa kawai zai yi, kwatar maƙwabta ba taki ba ce, shi ya sa na sa sange da raga gaba.

In dole sai an yi feshi, to na gwangwani mai rajistar NAFDAC, maganin cikinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da fiya-fiya. A fitar da mussoshin a ƙirga su da ido, ɗaya biyu, a fitar da kwanon abincinsu da na ruwa da kayan wasan yara, a fesa a rufe gwargwadon abinda aka rubuta jiki, a buɗe tagogi iska ta ratsa sosai, ƙasa ta bushe wari ya tafi kafin kowa ya shiga, inda mussoshin ke kwanciya a goge da ruwa. Baban su zai ce na gwangwani ba ya kashe sauron yanzu, akwai ƙamshin gaskiya, sauron ƙasar nan da yawa ya saba da wannan dangin maganin, shi ya sa sababbin gidajen sauron da ake rabawa ake ƙara musu wani sinadarin. Amma amsar wannan ba ita ce a ɗauko maganin gona a zuba ɗakin kwana ba. Na jonawa a wuta shi ma a ɗakin da ba sa kwana, a kula kar kwalbar ta zube.

Igiyar leko, wato koyil, ni ba na sonta cikin ɗaki ko babu mussa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna ƙurar hayaƙin koyil ɗaya ta kai ta sigari 75 zuwa 137, ga mussa na kamuwa da asma kamar mutum, ga ta da ture abu, ta ture shi kan katifa cikin dare kin ga gobara. In za a kunna a baranda ko tsakar gida lokacin hira, a kashe in za a kwanta.

Maganar Inna kar ki yi mata musu, tana da hujjarta, hayaƙin ganyen dogon yaro yana korar sauro muddin hayaƙin na tashi, yana mutuwa kuwa su dawo. Ki ce to Inna, ki riƙa yi a kasko tsakar gida da yamma lokacin da ake zaune waje, mussoshin suna wani gefe, amma banda rufaffen ɗaki, garwashi a ɗakin da aka kulle yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba. Ɓawon lemun a rage, man da ke jikinsa ba ya yi wa mussa daɗi. (Mu mata da turaren wuta ma mu ji, in kin turara ɗaki ki bar ta ta fita.)

Wadda ta ce ki ba su tafarnuwa kuwa ki bar shawararta nan inda ta ba ki. Ba ta korar sauro, kuma tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mussa, sai bayan kwanaki ki ga dasashinta ya yi fari ta yi laushi fitsarinta ya yi duhu. Mu da albasa ta yi mana yawa a garin nan ko ragowar miyar da ta sha albasa kar a mayar da ita abincinsu na kullum. Man shafawa na sauro mai DEET na mutane ne, ki shafa wa kanki da yara a ƙafa da damtse banda tafin hannu da fuska, ki wanke hannu kafin ki ɗauke ta, kar ta lashe ku, ita kuwa ko ɗigo. Haka mayukan ƙamshin nan da ake tallarsu a WhatsApp ana cewa na itatuwa ne ba su da illa, na'a-na'a, kanumfari, kirfa, citronella da sauransu, hantarta ba ta iya su, ko a shafa ko a turara. Kafur ma da ake dakawa a zuba cikin kananzir guba ne gare ta da yaron duka.

Su mussoshin ba sa kamuwa da maleriyar mutane, kar wannan ya dame ki, kuma ba sa ɗauko ta su kawo gida. Sauro dai yana cizonsu a kunne da karan hanci har wasu su yi ƙuraje, akwai kuma wata tsutsa da yake iya sa musu mai zama a huhu da zuciya, don haka ki ba su kwali da tsumma a falo ko wani lungun da ke cikin raga su kwana nan.

Yaran kuma, masu bi gida-gida da maganin rigakafin maleriya na damina, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara biyar duk wata, kar su wuce ƙofarki, kuma ragowar ƙwayoyin kwana biyun da suke bar miki ki ba yaron su ƙare. Zazzaɓi in ya zo a gwada jini kafin a sha magani, ki kuma gaya wa likita cewa an daɗe ana yayyafa fiya-fiya a ɗakin da yake kwana.

Ragowar fiya-fiyar da ke cikin kwalba kar a tuttule ta cikin kwata ko kusa da rijiya, kar kuma a juye ta cikin gorar lemo, yara da dama sun sha a haka suna zaton abin sha ne. A ɗaure bakinta a kulle ta wajen ɗaki inda hannun yaro ba ya kai har a kai wa mai gona. Sannan ki sa safar hannu ko leda ki wanke ƙasan ɗakin da falon da ruwan sabulu, tabarmi da labule da zannuwan gado a wanke a shanya a rana, a bar tagogi a buɗe wuni guda kafin yara su koma kwana ciki.